Waiwaye: Boris Huɗu a Kwamfuta, Kanta Babu Ko Ɗaya

Ranar wata Talata ce cikin hunturun 2019, wajen ƙarfe goma na safe, injin goge shinkafa ya canza murya. Duk wanda ya daɗe a masana'anta ya san abin da nake nufi. Ƙarar inji takan zame maka kamar numfashinka, ba ka jin ta sai ranar da ta sauya. Ya fara da wani gurnani ƙasa-ƙasa, sai ƙauri ya biyo baya, kafin yaron da ke kansa ya kai hannu ga makunni har hayaƙi ya soma fita ta gefen da bel yake. Aka kashe. Wurin ya yi tsit, har muna jiyo kukan tantabarun da ke kiwo a shanya.

A bakin ƙofa kuwa tireloli biyu ne maƙare da shanshera, ɗaya daga wajen Wurno, ɗaya daga Goronyo. Tun watan Agustan shekarar gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, shinkafar waje ta yi wuyar shigowa ta Illela da Kamba, kasuwar ta gida ta buɗe yadda ba mu taɓa gani ba. Dillalai sun biya kuɗi tun kafin a casa. Inji bai hutawa, mu ma ba mu hutawa.

Ni ne mai kula da sito a lokacin. Baba, shugaban makanikanmu, ya leƙo ta taga yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Ɗana, boris ya sake tahiya. Duba muna, nawa anka rage?" Na danna kwamfuta, na sa lambar boris ɗin, ta nuna huɗu. Na ce, "Akwai huɗu, Baba." Na tashi na nufi kanta da ƙarfin gwiwa. Kwalaye biyu na tarar, na ɗaga na farko ba nauyi, na biyu ma haka. Na duba bayan kanta, na duba ƙarƙashinta, na zazzage buhun tsofaffin noti. Babu. Har yau ina iya tuna yadda gumi ya keto mini cikin wannan sanyin.

Ba sata aka yi ba, kuma da sata ce da abin ya fi sauƙin bayani. Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan yana da inda ya tafi: cikin wancan injin ɗin da ya tsaya suka shiga, ɗaya bayan ɗaya, a tsakanin wata uku. Abin da bai faru ba shi ne rubutawa.

Shekara guda kafin nan Alhaji, mai kamfanin, ya kawo wasu samari daga Kano suka saka mana manhajar tsara aikin masana'anta, irin wadda ake kira MRP. Asalin tunaninta ya girmi yawancinmu. Wani injiniyan kamfanin IBM a Amurka, Joseph Orlicky, shi ya fi shahara da tsara shi, kamfanin Black & Decker ya fara aiki da shi a 1964, Orlicky kuma ya fitar da littafinsa a kai a 1975. Lissafin bai da wuyar ganewa. Ka faɗa wa kwamfuta abin da kake son sarrafawa da ranar da kake son sa, ka faɗa mata kayan da ake haɗawa a same shi, ka faɗa mata abin da ke cikin sito da tsawon lokacin da kowace oda ke ɗauka kafin ta iso. Ita kuma sai ta lissafa da baya-baya, ta ce maka ga ranar da ya kamata ka sayi kaza. A farkon shekarun 1980 Oliver Wight da abokan aikinsa suka faɗaɗa shi ya haɗa da injuna da ma'aikata da kuɗi, daga nan aka samu manyan manhajoji irin na SAP, kamfanin Jamus da aka kafa a 1972, da masu sauƙin kuɗi irin Odoo ta ƙasar Beljiyam, waɗanda yau ƙaramin kamfani ma yana iya ɗauka.

A cikin irin wannan manhaja akwai wani sashe da mu muke kira odar gyara. Fom ne da ake buɗewa kafin a ɗora wa inji sifana. Yana da lambarsa shi kaɗai. Ana zaɓen injin da ya samu matsala, a rubuta wanda ya kawo rahoto da abin da ya gani ko ya ji, a nuna ko gyaran na gaggawa ne ko zai jira ranar hutu, a sa sunan makanikin da zai yi, a jera kayan da za a ɗauka daga sito. Idan an gama sai a dawo a rubuta awa nawa aikin ya ci, me aka tarar a ciki, me ya jawo shi, sannan a rufe. Mai kallo daga nesa zai ce cike-cike ne kawai irin na ofis. Amma fom ɗin nan igiyoyi ne da shi ta ko'ina. Da ka jera boris a ciki, manhaja za ta keɓe shi kada wani ya ɗauka. Da ka rufe, za ta cire shi daga lissafin sito. Idan abin da ya rage ya sauka ƙasa da adadin da aka ƙayyade, ita da kanta za ta tura wa mai sayayya cewa lokaci ya yi, tana la'akari da kwanakin da kaya ke yi a hanya. Awannin da inji zai yi a tsaye za ta zare su daga jadawalin aiki, don kada ofis ya yi wa dillali alkawarin buhun da ba za a iya fitarwa ba. Kuɗin gyaran kuma ta ɗora shi a kan wannan injin, yadda a ƙarshen shekara za a san wanne ke ciyar da kamfani, wanne kamfani ke ciyarwa.

Samarin nan sun yi mana wannan bayani tsaf, kwana uku suna koya mana. Mun ji, mun gyaɗa kai, sun tafi. Sai aiki ya koma yadda ya saba. Inji ya lalace ƙarfe biyun dare, shugaban 'yan dare ya karɓi makullin ajiya wurin maigadi, ya ɗauki abin da yake so, ya ce gobe a rubuta. Gobe ta zo da nata hidimar. Ni kuma sai ƙarshen wata, idan akanta ya matsa, in zauna in buɗe odar gyara goma sha a zama ɗaya, daga abin da na iya tunawa da abin da aka gaya mini a tsaitsaye. A gurbin bayani in rubuta "an gyara". A gurbin dalili in bar shi fayau, tunda manhajar ba ta hana a rufe ba. Abin da na tuna ya shiga lissafi, abin da na manta ya ci gaba da zama a kanta a idon kwamfuta. Ta haka boris huɗu suka ƙone a cikin inji alhali ita tana ganin su sabbi a kwali, kuma tunda a wurinta ba su taɓa raguwa ba, ba ta taɓa cewa a sayo ba.

Muka baza yara cikin garin Sakkwato a kan babura, Sahara, Bello Way, duk inda ake sayar da kayan inji. Aka samo guda ɗaya, Baba ya juya shi a hannu, ya kai kunne, ya girgiza kai ya mayar. Dole aka aika Kano. Sai rana ta uku da hantsi kaya suka iso.

Idan ana lissafin irin wannan asara, buhu ake ƙirgawa. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Rumbunan gumi sun cika, aka dakatar da turarawa, shinkafar da aka riga aka jiƙa ta fara tsami a tanki, warinta ya cika harabar. Leburorin da ake biya kullum suka yi kwana uku suna zuwa da asuba suna komawa hannu rabbana. Akwai wata dattijuwa da ke zuwa sayen dusa da tsaki don awakinta da kajinta, daga can bayan Arkilla take takowa. Rana ta biyu ta tsaya a bakin tagata da buhunta a naɗe a hammata, ta ce, "Yaro, yau ma babu?" Na ce babu, Inna. Ba ta ce komai ba, ta juya. Ba ta san akwai wani fom da ban cike ba, ni kuwa na sani.

Da aka tada inji, Alhaji ya tara mu a ofis. Magana ta karkata wuri guda: jabun boris ake kawo mana. Zargin bai rasa tushe ba, don kowa ya san kasuwa cike take da boris na jabu masu kwali mai kyau da tambarin manyan kamfanoni. Manaja ya ce a daina sayayya wurin mutumin da ke kawo mana, har an fara maganar a bi shi kuɗi. Ni ma na goyi baya, kuma gaskiyar magana na ji sanyi da laifi ya tashi daga kaina ya koma kan wanda ba ya wurin. Baba ya yi shiru har kowa ya gama. Sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, a yi haƙuri da mutumen ga tukuna. Wanga boris shi munka sa ma injin ɓare kusan shekara, bai ce uffan ba. Ruwa ba ya tsami banza. A ba ni kwana biyu ni da yaron ga."

Da la'asar ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya zaro wani littafin makaranta mai bango ja, duk ya sha baƙin mai, gefensa ya nannaɗe. Da ajami yake rubutu. Kowane layi kwanan wata, sunan inji, abin da ya ji, abin da ya yi. Shekaru yana yi, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

A Kalambaina ya koyi wannan ɗabi'a, don can ya yi ƙuruciyarsa ta aiki. Mutanen Sakkwato ba sa buƙatar a gabatar musu da kamfanin simintin da ke can. Sardauna Sir Ahmadu Bello ne ya assasa shi a 1962, ya fara fitar da siminti a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. A 1985 Janar Muhammadu Buhari, yana shugaban mulkin soja, ya buɗe layi na biyu mai tan 500,000. A 2000 aka sayar da babban kason ga Scancem na ƙasar Norway, a 2010 ya koma hannun BUA na Abdul Samad Rabiu, wanda ya ƙara sabon layi mai tan miliyan 1.5 a 2018, da wani mai tan miliyan 3 da Buharin ya dawo ya buɗe a Janairun 2022 yana shugaban farar hula. Masana'antu nawa ne a Arewa waɗanda aka kafa a zamani ɗaya da shi yau sai kango da jemagu? Masaƙun Kaduna kaɗai sun isa misali. Dalilan mutuwarsu da yawa, wutar lantarki da kayan waje da sauransu, amma dai wanda ya yi sama da shekara hamsin yana hayaƙi ya cancanci a tambayi waɗanda suka yi aiki a cikinsa me suka koya.

Baba yakan ce tanderun siminti shi ne babban malaminsa. Ƙaton bututun ƙarfe ne a kwance yana juyawa a hankali, an shimfiɗe cikinsa da bulo mai jure wuta, zafin da ake dafa farar ƙasa a ciki yana kaiwa kusan digiri 1,450. Ba a kashe shi kamar fitila. Idan ya tsaya da zafinsa ba a ci gaba da juya shi sannu-sannu ba, nauyinsa zai sa ya lanƙwashe. Kafin ya huce mutum ya iya shiga kwanaki ne, kafin a sake hura shi ya kai zafin aiki wasu kwanakin ne. Saboda haka wanda ke da tanderu tun watanni kafin ranar tsayawa yake tara jerin duk abin da za a taɓa, ya tanadi bulo da kayan aiki da mutane, don idan an rufe an hura, abin da aka manta sai wani zagayen. Wanda ya tashi a gindin irin wannan inji ba ya yarda da "zan tuna".

Muka shimfiɗa tabarma a bayan sito. Shi da littafinsa, ni da takardun da na buga daga kwamfuta, masu "an gyara" daga sama har ƙasa. Nawa ba su gaya mana komai ba sai kwanakin ƙarshen wata. Nasa kuwa suka fara magana. Mako guda ko kwana goma kafin kowane boris ya ƙone, akwai layi iri ɗaya: na tarar da bel a ɗaure tamau, na sassauta. Ya rubuta haka sau biyar. Muka jira 'yan dare suka zo bayan isha'i, Baba ya tambaye su cikin lumana, ba tsawa. Suka ce ai bel ɗin ne ke fito yana sulɓewa idan kaya sun yi nauyi, su kuma sai su ƙara ɗaure shi don kada aiki ya tsaya. A ganinsu taimako suke yi, kuma ba wanda ya taɓa ce musu su faɗa wa wani.

Washegari da safe Baba ya sa aka cire murfin bel. Ya kira ni ya ce in kawo tocila. Ya nuna mini fuli, wato ƙarfen nan mai kwari wanda bel ke zama a cikinsa. Ya ce, "Haska ƙasan kwarin." Na haska, sai ga shi yana ƙyalli kamar madubi. Ya ɗauko sabon bel ya danna a ciki, ya nutse har ya taɓa ƙasa. Ya ce irin wannan bel da gefensa yake kamawa, bai kamata ya taɓa ƙasan kwari ba ko kaɗan. Ƙurar hunturu da ta buntu sun yi shekaru suna cin gefen kwarin kamar sanfefa har ya buɗe. Bel ya rasa abin kamawa sai ya sulɓe, yara su ɗaure, ɗaurin ya ja sandar inji gefe guda, boris ya ɗauki nauyin da ba nasa ba, ya yi zafi, giris ya narke, ya ƙone. Mu kuma mu canza boris mu koma. Kuɗin fuli bai kai na boris biyu ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Duk labarin yana nan a cikin kamfanin tun wata uku da suka wuce, amma a warwatse: kashi ɗaya a bakin 'yan dare, kashi ɗaya a littafin Baba, kashi ɗaya a kwalayen da babu komai a ciki. Wuri ɗaya tak aka tanada don su haɗu, shi ne odar gyara, kuma ni ne mai tsaron wurin. Da an buɗe oda ranar da bel ya fara fito, da an rubuta boris na biyu a ƙarƙashin na farko a shafin inji ɗaya, ko wanda bai taɓa riƙe sifana ba zai ga cewa tazarar da ke tsakanin lalacewa da lalacewa tana raguwa, ya tambayi dalili. Mutumin da muka so mu ɓata wa suna a kasuwa kuwa, Alhaji da kansa ya kira shi ya ba shi odar fuli.

Ana yawan cewa mu ba mu da al'adar gyara. Ban yarda da wannan magana ba. Je ka gareji a cikin garin nan ka ga motar da ta girmi direbanta tana zuwa Illela ta dawo kullum. Dubi masu naɗin waya da ke tada moto da ya ƙone ƙurmus, da masu walda da ke ƙera abin da kamfanin da ya yi injin ya daina yi. Hannu muna da shi. Abin da ke ba mu wahala shi ne gyaran ya bar sawu, yadda wanda ya zo bayanka zai ɗora daga inda ka tsaya. Abin kuma da ban takaici a ce a Sakkwato ne, garin da aka kafa da alƙalami. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki a kansa, ya zauna ya rubuta littattafai a kan cututtuka da magungunansu, kuma rubuce-rubucen mutanen wancan zamani suna nan a ajiye a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Boris ɗin da aka ɗauka daga sito ƙarfe biyun dare bashi ne, mun kuwa ci shi ba shaida ba rubutu.

Gyaran da muka yi bayan nan bai zo da sauƙi ba, kuma kuskuren farko daga sama ya fito. Aka kafa doka cewa ko washa ba zai fita daga sito ba sai da lambar oda. Aka buga ƙananan littattafai masu lamba da kwafi don 'yan dare, ni kuma in shigar kafin ƙarfe tara na safe. Aka sa samarin Kano suka kulle gurbin dalili, ba a rufe oda sai an cike shi. Tsohon ƙarfen da aka cire kuma a dawo da shi sito a ɗaura masa lambar. Duk wannan daidai ne. Sai manaja ya ƙara da nasa: duk wanda oda ta nuna laifinsa ne za a yanke masa albashi. Cikin mako biyu oda ta ƙafe. Injuna ba su daina lalacewa ba, yara ne suka koma gyara a ɓoye, suna ɗaure abu da waya da roba don kada sunansu ya shiga kwamfuta. Wanda aka kama kuma ya rubuta "tsufa" a gurbin dalili. Komai tsufa.

Baba ne ya sake shiga ofis. Ban san duk abin da ya faɗa ba, amma da ya fito ya ce mini ya gaya wa Alhaji cewa in dai takarda za ta zama bulala, to ƙarya za a riƙa rubuta masa da kyakkyawan rubutu. Aka janye tarar. Aka mayar da abin ya zama wanda ya fara kawo rahoton wata alama kafin inji ya tsaya shi ake ambata a taron safiyar Litinin. Daga baya na karanta cewa a Japan, tun 1971, kamfanin Nippondenso mai yi wa Toyota kayan lantarki ya yi suna da tsarin da ke ɗora wa mai tuƙa inji alhakin sharewa da dubawa da kawo rahoto, maimakon a bar wa makaniki shi kaɗai. Masu wannan tsari sun gane cewa wanda ke tsaye a gaban inji awa takwas shi ke fara jin canjin muryarsa. Ina roƙon duk mai masana'anta da zai sayi manhaja ya fara yanke shawara a kan wannan tun kafin ya biya kuɗin lasisi: yaron da ya faɗi gaskiya a cikin oda, me zai same shi?

Sai matsalar harshe. Manhajar da Turanci take, yawancin makanikanmu kuwa ba su da shi sai na sunayen kaya. Da farko sukan tsaya a taga su yi mini dogon bayani mai ma'ana, ni in taƙaita shi cikin gurguwar kalmar Turanci ɗaya, duk amfanin ya zube. Wata rana na gwada rubuta Hausa a gurbin bayani, na ga ba abin da ya hana. Muka zauna da Baba muka tsayar da kalmomin da kowa zai riƙa amfani da su, waɗanda dama su ne a bakinsu: gurnani, fito, rawa, zafi, yoyo, ƙauri, cin bel. Amfanin tsayar da su shi ne idan ka nemi "fito" a shafin inji, duk ranar da ya taɓa yi za ta fito a jere. Wanda ba ya rubutun boko ya aiko da saƙon murya ta waya, in rubuta yadda ya faɗa ba tare da na gyara masa ba. Ina fatan makarantunmu na sana'a, da kwalejin Umaru Ali Shinkafi, za su riƙa ba ɗalibi maki a kan yadda ya rubuta abin da ya tarar a cikin inji kamar yadda suke ba shi a kan yadda ya kwance shi ya mayar.

Littafin ja ma bai tsira daga binciken Baba ba. Shi da bakinsa ya ce aibinsa biyu: abin da ya faru da rana kaɗai ya sani, kuma ranar da mai shi ya tafi, shi ma ya tafi. Muka ɗauki kusan wata biyu, kullum bayan la'asar, yana karantowa ina shigarwa, inji bayan inji, har muka kai shafin farko. A nan na san cewa injin cire tsakuwa ba ya son a cika masa giris, na san wane moto aka taɓa yi wa naɗi sau biyu, na san ranar da aka sauya ragar injin goge da wadda ba girmanta ba. Wani lokaci yakan tsaya a kan layi ya yi shiru, ya ambaci wani abokin aiki da ya rasu, mu yi masa addu'a mu ci gaba.

Bayan damunar 2022 Baba ya ajiye aiki ya koma garinsu, gwiwa ta matsa masa. Cikin hunturun da ya biyo baya, wata safiya na buɗe kwamfuta na tarar da sabuwar oda da aka buɗe ƙarfe uku da kwata na dare. Wani yaro ne da bai fi wata huɗu da zuwa ba, bai taɓa ganin Baba ba. Ya rubuta: "Injin goge yana fito. Na duba tarihinsa, ban ɗaure bel ba. Na rage kaya, na haska fuli, ƙasan kwari ya fara ƙyalli. A canza ranar Juma'a in an tashi."

Na je kanta ta uku, layin ƙasa. Kwamfuta ta ce fuli ɗaya ne. Na ɗaga kwalin da hannu biyu, da nauyinsa, na rubuta lambar odar a jikinsa, na ajiye a bakin taga.